Riga ta Shida

Sati uku ke nan da dawowata daga ƙasar Ibo, har yau ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, kafin ya ce in duba masa rediyo sai ya ce, "Ado, wai me suke ci a can?" ko "Ba su tare ka ba da suka ji daga Yobe kake?" Ku huɗun da na kawo wa tsaraba kuwa, taku tambayar daban ce. Kun ga riguna shida a jakata, na ba ku huɗu, na ɗauki ɗaya, kun dame ni da son jin mai ta shidan. Na gaji da ce muku sai an jima. Bakina ya ƙi faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Saboda wanda bai san mu ba, bari in fara da Obinna. A nan Potiskum aka haife shi, a nan babansa ya rasu ya bar shi da mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Mama. Tana sayar da abinci a bayan tasha, kuma babu ɗayanmu da bai ci shinkafarta kyauta ba. Hausar Obinna ta fi tawa, tunda ni a gida Karekare muke yi. Shi ne mai shagon gem na layinmu: talabijin uku, benci biyu, da wani janareto mai tari kamar tsoho. Dokar shagon ɗaya ce, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ya koma bayan layi, ko da ɗan wane ne. A shagon nan na ga mai gemu yana rantsuwa cewa maɓalli ne ya maƙale masa. Mun yi faɗa, mun yi dariya har da hawaye, mun sha zagi wurin iyayenmu. Ban san muna cikin jin daɗi ba sai da abin ya wuce.

Gem ɗin ƙwallon da muke bugawa yana da wurin da mutum zai ƙirƙiri ɗan wasa da kansa. Obinna ya kwashe damina guda yana ƙera mu ɗaya bayan ɗaya, mu goma sha ɗaya, kowa da tsayinsa da hancinsa da askinsa da sunansa a bayan riga. Ni ya sa ni gola, wai tumbina ya isa ya toshe raga. Ya ba kansa lamba tara, ya yi wa kansa girar nan tasa mai kauri da tsagar da yake yi a aski. Lamba goma ya ba Habu, amininsa, wanda tare suka yi firamare. Duk ƙungiyar nan tana cikin memori, wani ɗan abu da bai kai ashana girma ba, da ake soka wa na'urar gem ɗin a gaba.

Kun san ranar da aka zo shagon. Abin da ba ku sani ba shi ne ina wurin. Na'urar da ke da memorin tana hannuna kwana biyu, idonta mai karanta faifai ya raunana, ni kuma gyara ne sana'ata. Bayan la'asar na ɗauko ta a jaka zan mayar. Ina shan kwanar layin na ji harbi, na faɗa bayan kurar wani mai ruwa na lafe. Su huɗu ne, uku sun rufe fuska. Na huɗun bai rufe ba, kuma bai riƙe bindiga ba. Yana tsaye a gefe, shi ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar. Habu ne. Duk mun san wata shida kafin nan ya daina zuwa gem, ya ce shagala ce, daga baya aka ce ya bi mutanen daji, zancen da bai kai kunnen Mama ba. Amma cewa shi ya kawo su, ni kaɗai na gani, kuma tsoro ya ɗinke min baki. Suka kashe Obinna, suka cinna wa shagon wuta, ta cinye har ɗakunan baya inda suke zaune. Mama tana tasha. Kwana uku bayan nan ta bi gawar ɗanta zuwa garinsu. Ni kuma na cusa na'urar a silin ɗakina, ban ƙara kallonta ba.

Sai bayan shekara biyu Mama ta kira ni. Ta ce dangi za su yi taron tunawa da shi, kuma a al'adarsu dole a buga hotonsa a riguna da takardun mannawa a bango. Hotunansu duk sun ƙone.

"Ado, ɗana, ko guda ɗaya babu a wayarka?"

Babu. A shekarun nan duk mun goge hotunan wayoyinmu saboda bincike, don ba ka san fuskar da za ta ja maka ba. Na zaga ku duka, babu mai ko ɗaya. Cikin jin kunya na gaya mata cewa abin da ya rage kawai shi ne wanda ya zana da kansa a cikin gem. Ta ce, "Kawo min shi. Na fara manta fuskarsa, Ado. Ka taho min da kuka da daddawa."

Manyan motocin da ke zuwa kudu sun daina shigowa garinmu, don haka tirelar shanu na bi daga kasuwa. Direban, Malam Usmanu, dattijo ne mai yawan goro da ƙarancin magana. Ya dubi jakata ya ce, "Me ke ciki?" Na ce gem ne. Ya ce, "Ƙato da kai?" Gaban motar ya cika, sai ya tura ni kan katakon da ake gittawa a saman shanu. Kafin mu kai Bauchi wani bijimi ya yi min ado a ƙafar wando, warin bai rabu da ni ba har na dawo gida. Shingen bincike kuwa na daina ƙirgawa. A kowanne sai mu sauko, mu ɗaga hannu sama, mu taka a ƙasa har mu wuce buhunan yashi, shanu na kallonmu.

Bayan mun sauka daga duwatsun Jos ne abin ya kusa ƙarewa. A wani shinge aka ce kowa ya buɗe kayansa. Ina zuge jakar wayoyi suka leƙo, baƙa da ja da rawaya. Ban san lokacin da na tsinci kaina kwance rub da ciki a kan kwalta ba, bakin bindiga a ƙeyata, kowa ya watse. Ban ga laifinsu ba. Mutum daga Potiskum, da baƙin akwati mai wayoyi, ni ma da ni ne gudu zan yi. Da sanda aka zazzage jakar, kuka ta tarwatse a titi. Ogan masu shingen ya tsinci memorin da yatsa biyu, ya juya shi, ya ce da turancin buroka, a nan kuke ajiye bidiyonku ko? Ya jefar da shi ƙasa ya ɗora takalmi a kai. Bai danna ba tukuna, ni dai ina kallon takalmin. Wallahi a lokacin na manta da bindigar da ke kaina, kuka kawai nake ina cewa fuskar mutum ce a ciki.

Wani kofur, baƙi mai tsagar fuska, ya matso ya tsuguna ya ɗauki hannun gem ɗin. Yadda ya riƙe shi na san ɗan hannu ne, manyan yatsunsa da kansu suka sami wurinsu. Ya miƙo min shi daidai hancina, ya ce da gurguwar Hausa, "Da wanne kana buga shot?"

Na ce, "Maɓalli mai kusurwa huɗu."

"Ba mai zagaye ba?"

Na ce masu bugawa da mai zagaye wani gem ɗin ne daban, kuma ba su iya ƙwallo ba. Ban san inda na sami bakin faɗar haka ba. Ya tuntsire da dariya, ya tashi ya ja ogan gefe, suka daɗe suna magana. Ogan ya ɗage ƙafarsa ya yi gaba yana tsaki. Kofur ɗin da kansa ya ɗauki memorin, ya hure masa ƙasa, ya goge a rigarsa ya ba ni. Ya ce shi ma yana da irinsa a gida, rabonsa da shi tun da aka turo su. Ya ce wanda suke bugawa tare a bariki, a hanyar garinmu ya mutu. Na tattara abin da ya tattaru na kuka, na hau mota. Daga nan Malam Usmanu ya matsa min wuri a gaba, ya ba ni ɓarin goro.

Mun kwana a Lafiya, washegari muka haye gadar Binuwai. Babu shinge a kanta, babu mai tambayar takarda, amma a nan na ji na bar ƙasarmu. Muna hayewa Malam Usmanu ya cire hularsa ya tura a aljihu, ya ce in cire tawa. "Idan an tambaye ka, daga Kano kake. Kar bakinka ya kuskura ya ce Yobe." Daga nan gari ya koma kore shar, coci a kowace kwana, mata a kan babur da kaya niƙi-niƙi. Mu da aka hana mu babur shekara da shekaru, har ƙararsa sai da ta ba ni tsoro.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne hotuna. Kowane bango, kowace bishiya, fuskokin mutane ne manya-manya a manne. Na ga na wata tsohuwa tukuf da ɗaurin ɗankwali, na ce, "Malam, wannan kuma takarar me take yi?" Ya kusa shaƙewa da goro. Ya ce ba 'yan siyasa ba ne, matattu ne. Wai a nan sai a ajiye gawa wata da watanni a ɗakin sanyi, a buga hoto, a ɗinka anko, a kira makaɗa. Na tuna namu. Mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an rufe shi, damina biyu ta wuce ko ɗansa ba zai nuna kabarin ba. Da can da na ce nasu ɓarna ce. Amma na tuna mutum nawa muka rufe a shekarun nan da sauri-sauri, muna waige, har ba na iya tuno kamannin wasu. Sai na ci gaba da kallon bangon.

A Inugu muka rabu da tirela. Na nemi ɗaki a wani ƙaramin masauki, matar da ke kan tebur ta karɓi katina da fara'a, ta karanta, fara'ar ta ɗauke. Ta ce ɗakuna sun cika, alhali ga makullai reras a bayanta. Na koma zangon shanu na shimfiɗa kwali a cikin 'yan uwa. A nan na fara cin akpu, tuwon rogo mai tsami. Ashe haɗiya ake yi. Ni kuwa na dage ina tauna, ya liƙe min a dasashi, mai abincin ta kira maƙwabciyarta su zo su ga ikon Allah. Na tambaye ta naman mene ne a miyar, ta ce nama ne mana. Na ce a bar min ganyen kawai.

Ƙauyensu Mama tafiyar awa biyu ce a ƙaramar bas, sunansa har yau harshena bai iya ba. Tana zaune a ƙofar gida na iso. Matar da ke ɗaga tukunyar shinkafa ita kaɗai ta koma 'yar ƙanƙanuwa, kanta fari fat. Ta rungume ni tana cewa, "Ado, ka sha hanya, ina gajiya, yaya mutanen gida," Hausa na zuba daga bakinta kamar ta shekara da ƙishinta. Mutane suka taru suna kallona, ba kallon maraba ba. Ƙanen mijinta, wani dogon dattijo, ya yi magana mai zafi da yarensu yana nuna jakata. Ta mayar masa da wadda ta fi ta zafi, sannan ta juyo ta ce da Hausa don in ji, "Na ce masa a tukunyata ka girma." Da yamma ta yi min tuwon shinkafa da miyar kukar da na tsinto a titi. Akwai yashi a ciki, mun cinye tas.

Da safe aka tayar da janareto, aka fito da talabijin falo, aka kira mai hoto da kyamararsa. Falon ya cika. Na haɗa wayoyi, na soka memori, na kunna. Faifan ya juya, ya yi ƙara, ya tsaya. Na sake, haka. Na fito da shi na hura masa iska, na goge da gefen riga daga tsakiya zuwa baki, ya ƙi. Dattijon ya fara murmushin mugunta. Sai na tuna abin da Obinna yake yi idan na'urar ta yi masa gardama: ya kifar da ita a kan bayanta, ya ɗora tafin hannu a kai, ya ce kowa ya yi shiru kar a ba ta tsoro. Na kifar da ita, na ɗora hannu. Mama ta ce, "Haka yake yi." Faifan ya kama.

Na buɗe ƙungiyarmu, na nuna musu lamba tara. Fuskar tana nan amma ƙarama ce, a sandare, ido ba ya motsi. Dattijon ya yi magana, mai hoto ya fassara min, wai wannan 'yar tsana za a buga wa ɗan gidansu a riga? Mama ta matso ta ƙura ido, ta daɗe, na ga tana nema ba ta samu ba. Ta ce a hankali, "Shi ke nan duka?"

Akwai saura, kuma na san abin da ke ciki. Obinna yana da ɗabi'ar adana duk ƙwallon da ya ci mai kyau, don ya riƙa kunna mana yana tsokana. Guda ɗaya ce a ciki ake nuno fuskarsa kusa. Irin wannan ba a gyara shi, ba a cire kowa, yadda aka adana haka zai fito. Tun daga Potiskum nake addu'ar kar a kai ga nan. Na dubi Mama, na danna.

Lamba goma ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ya yanke mutum biyu, ya zura ta. Lamba tara ya kwasa da gudu, ya buga, raga ta girgiza. Ya nufi kwana da hannu a buɗe, hoton ya matso har fuskarsa ta cika talabijin, gira da tsagar aski da komai, baki a buɗe yana dariya. Sai lamba goma ya zo a guje ya ɗane bayansa, ya saƙalo wuyansa da hannu.

Mama ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Ta durƙusa a gaban talabijin ta ɗora hannu a gilashin. "Shi ne. Obinna ne. Sake, Ado." Na sake. Na sake har sau nawa ban sani ba. Dattijon ya cire hularsa ya fita waje. Mai hoto ya ce in tsayar a daidai dariyar, ya ɗauka. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya yanke gefe da gefe, amma hannun da ke wuyan ba ya yankuwa sai an taɓa haɓa. Ku duba rigunanku, za ku gan shi.

Da mutane suka ragu ta ce in mayar da jerin sunayen. Ta iya karatu, ta riƙa bi da yatsa tana tambaya ɗaya-ɗaya, yadda ake gaisuwa a gida. Ku huɗu na ce kuna lafiya, har na ba ta labarin wanda ya yi aure. Biyu na ce sun rasu, ta yi musu addu'a irin tasu. Biyu na ce an kwashe su a kame, har yau shiru. Yatsanta ya sauka a lamba goma.

"Habu fa? Habuna. Ko gaisuwa bai kira ya yi min ba."

Na buɗe baki. Hannunta ɗaya yana kan gilashin har lokacin, idonta ya yi haske irin wanda ban gani ba tun isowata. Idan na faɗa, ba za ta ƙara iya kallon hoton nan ba, kuma ba ta da wani. Na ce, "Yana nan, Mama. Ba shi da waya ne."

An yi taro kwana huɗu bayan nan. Kiɗa, rawa, abinci a manyan tukwane, ɗaruruwan mutane sanye da fuskar Obinna da hannun Habu a wuyansa. Suna rawa ni ina gefe ina kuka, wata mata ta kawo min lemo ta dafa kafaɗata. Na bar wa Mama na'urar da memorin. Na koya mata yadda ake kifar da ita da maɓallai ukun da za ta danna, ta rubuta a bangon littafin addu'arta. Jiya ma ta kira ni, ta ce kullum da safe sai ta kalla.

Dawowa ba ta da labari, tirela ce babu shanu, jaka babu wayoyi, babu wanda ya kwantar da ni a titi. Abin da ya rage shi ne safiyar da zan taho. Ta rako ni bakin hanya da leda, ta ƙirga min riguna a hannu, tawa, taku huɗu, sannan ta ciro ta shida, wadda ta naɗe daban da kyau.

"Wannan ta Habu ce. Ka ba shi hannu da hannu. Ka ce masa ban yi fushi ba, na san abin ya yi masa ciwo ne shi ya sa ya kasa kira." Bas ta tsaya, na sa ƙafa, ta riƙo hannun rigata. "Kuma ka ce ya riƙa cin abinci. Na ga ya rame a cikin hoton."

Rigar tana ƙasan akwatina, a naɗe yadda ta naɗe ta.